Daga Daɓe zuwa Kankare: Tarihin Tsare Ɗaki daga Ruwa

Wanda ya duba tarihin gini zai tarar cewa babban abin da ya dami magina tun dā shi ne ruwa. Na sama ana ganinsa, a kafa masa indararo. Wanda ke tasowa daga ƙasa kuwa ba a sanin zuwansa sai ya yi ɓarna.

A ƙasar Hausa daɓe aikin mata ne, kuma da gayya ake yinsa. Akan shimfiɗa ƙasa da tsakuwa, a yayyafa ruwa, a yi ta bugu da madaɓi ana waƙa har wurin ya daskare. Sa'an nan a zuba ruwan makuba, watau na ɓawon ɗorawa, domin ya ƙara masa ƙarfi da sheƙi. Inda ake bukatar abin da ya fi wannan, sai a nemi laso. Ana haɗa shi da katsi, watau dattin gindin rijiyar rini da aka ƙone aka daka, da gashin jima, da kuma dafara. Da shi ake shafe rufin soro, da shi kuma ake shafe rijiyoyin karofi, kamar na Ƙofar Mata a Kano, su riƙe ruwan baba ba ya tsiyayewa. Amma duk mai soro ya san laso da daɓe ba na har abada ba ne. Kafin damina akan duba, a sabunta inda ya ci.

Siminti kuwa daga Ingila ya fito. A 1824 wani magini a birnin Leeds, Joseph Aspdin, ya sami takardar mallakar irin wanda ya kira na Portland. A Nijeriya an fara yinsa a Nkalagu a 1957, sa'an nan a Kalambaina, kusa da Sakkwato, a 1967. Mutane suka karɓe shi da zaton an gama da gyara ke nan.

Abin da ya faru a ƙasashen sanyi ya nuna ba haka ba ne. A arewacin Amurka da Kanada tilas a zurfafa harsashi har ya wuce inda ƙasa ke ƙanƙarewa, saboda haka suka mai da ramin ɗakin ƙarƙashin ƙasa, suka malala masa kankare. To, kankare yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, yana kuma tsagewa in yana bushewa. In ƙasa ta ƙoshi da ruwa, sai ruwan ya tunkuɗo ta ƙofofin da tsagar, ya bar farin gishiri kamar kanwa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsofaffin gidaje sun fi shan wahala, domin an gina su tun kafin a saba shimfiɗa leda a ƙarƙashin kankare.

Da fari masu gyara sun dogara ga kwalta da fenti, amma ruwan da ke tunkuɗowa daga ƙasa yakan ɓamɓare su. Daga baya aka gane tsarin da ya dace: a fara kau da ruwan rufi nesa da gindin bango, a haƙa magudana, a yi rami a sa injin da zai riƙa kwashe abin da ya taru. Bayan haka ne ake sassaƙe bakin tsaga, a cusa siminti mai saurin kamawa, a shafe.

Mu ma mun ga irin wannan. Inda aka shafe bangon ƙasa da siminti, damshi yakan maƙale a ciki, ya ci tubali, shafen ya zubo. Saboda haka ya kamata malaman da ke koyar da tarihin sana'o'inmu su nuna wa ɗalibai cewa masu laso sun san abu biyu da zuwan siminti bai soke ba: a ba ruwa hanyarsa, a kuma duba gini kowace shekara kafin hadari ya haɗu.