Rigimar GIF da Haihuwar PNG: Waiwaye a Kan Tarihin Sauya Sigar Hoto, 1987 zuwa 2004

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu waiwayi wani ɗan yanki na tarihin intanet wanda ba kasafai ake kula da shi ba, watau dalilin da ya sa hoto guda yake da sigogi iri-iri, har mai aiki da kwamfuta yakan wayi gari yana juya shi daga wannan siga zuwa waccan. A ganinmu, kuɗi da shari'a sun taka rawa a wannan al'amari kamar yadda fasaha ta taka.

A shekarar 1987 ne kamfanin CompuServe na Amurka ya fito da sigar GIF, a ƙarƙashin jagorancin Steve Wilhite. A wancan zamani ta layin tarho ake aika bayanai, tafiyarsu kuwa ta hawainiya ce, saboda haka tilas a matse hoto kafin a tura shi. GIF ba ta ɗaukar launi fiye da 256, amma ba ta zubar da ko ɗigo ɗaya wajen matsewa. Dabarar matsewar, wadda ake kira LZW, Terry Welch ne ya bayyana ta a 1984, aka kuma ba kamfanin Sperry takardar mallakarta a 1985. Da Sperry ya haɗe da Burroughs a 1986 suka zama Unisys, sai mallakar ta koma can.

Shekara da shekaru jama'a suna amfani da GIF bisa zaton ba ta da mai ita. Kwatsam, a watan Disamba na 1994, aka sanar cewa masu ƙera manhajar da ke aiki da ita za su riƙa biyan kuɗin lasisi. Nan fa ƙura ta tashi. A Janairun 1995 Thomas Boutell da wasu 'yan sa-kai suka fara tsara wata siga wadda babu mai karɓar ko kwabo a kanta, ita ce PNG, hukumar W3C kuwa ta amince da ita a Oktoban 1996. Har ma a ranar 5 ga Nuwamba, 1999 masu adawa da Unisys suka yi gangamin kira ga masu shafuka da su juya hotunansu kaf zuwa PNG. Duk da haka GIF ba ta mutu ba, domin tana iya nuna hoto mai motsi, abin da PNG ta farko ba ta yi. Wa'adin mallakar ya ƙare a Amurka a 2003, a Turai da Japan kuma a 2004.

Ita kuwa JPEG, wadda aka daidaita a 1992, hanyarta daban ce: tana watsar da abin da ido bai cika lura da shi ba, domin fayil ya yi sauƙi. Abin da ta watsar ba ya dawowa, ko da an mayar da hoton PNG, kuma duk sa'ad da aka gyara shi aka sake adanawa a JPEG sai ya ƙara raguwa. A nan ne batun ya shafe mu, mu da muke ɗaukar hotunan tsofaffin rubuce-rubucen ajami. Gefen haruffa da wasulla su ne suke fara dusashewa, alhali a ajami ɗigo guda yakan bambanta harafi da ɗan'uwansa. Shi ya sa masu adana kayan tarihi sukan ajiye asalin hoton a sigar TIFF, wadda ta samu tun 1986, su ciro kwafin JPEG daga gare shi domin ɗorawa a intanet.