Takardar Asali da Tarihin Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa

Bara da na tashi cike fom ɗin neman makaranta, sai aka ce in kawo takardar shaidar ƙaramar hukumata ta asali. A Congo-Russia aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina, a nan yake kasuwancinsa, amma sai da na hau mota zuwa garin kakana a ƙasar Kano, inda ko mai unguwa bai san ni ba. Abin da ya sa ke nan na zauna da dattawa, na kuma yi ɗan karatu, don in gane yadda aka yi muka zo nan.

Kuza ce ta kafa Jos. A farkon ƙarni na 20 Turawa suka buɗe ma'adinai, kakanninmu suka biyo su da fatauci da leburanci. Lokacin yankin yana ƙarƙashin Lardin Bauchi, sai a 1926 aka ƙirƙiro Lardin Filato. Cikin gari kuwa sarakunan Hausawa ne ke riƙe da shi, har 1947 da Turawa suka naɗa Rwang Pam sarkin Berom, sarautar da daga baya ta zama Gbong Gwom Jos. An yi Jihar Binuwai-Filato a 1967, Jihar Filato a 1976.

A 1991 gwamnatin Janar Babangida ta raba ƙaramar hukumar Jos gida biyu, ta Arewa da ta Kudu. Mu muka ga an kawo mana gwamnati kusa, har Samaila Mohammed ya ci zaɓen ciyaman. Su kuwa Berom da Anaguta da Afizere suka ga an yanke musu gari an miƙa wa baƙi. Tun daga nan kujerar ciyaman ta zama abin tsoro, domin ofishinsa ne ke ba da takardar asali, ita kuma takardar ke buɗe ƙofar aikin gwamnati da gurbin karatu.

A watan Afrilun 1994 naɗin Alhaji Aminu Mato kantoma ya jawo rikici. Ranar Juma'a 7 ga Satumban 2001, bayan taƙaddama kan naɗin jami'in shirin yaƙi da talauci, wuta ta tashi daga unguwarmu. A Nuwamban 2008 zaɓen ƙaramar hukuma ne sanadi. Ina ɗan firamare, ban manta kwanakin da muka yi a kulle cikin gida ba.

Gaskiya ɗaya ce 'yan uwa: maƙwabtanmu ma suna da nasu kukan, domin gonakinsu ne kuza ta mayar da ramuka. Tsarin mulkin 1999 shi kansa ya raba ƙafa: sashe na 42 ya hana nuna bambanci, sashe na 147 kuma ya ce minista ya zama ɗan asalin jiharsa. Muddin ba a gyara wannan ba, kowane zaɓe zai zo da fargaba.

Shawarata, mu yanki katin zaɓe, mu adana takardun haihuwa da na filaye, mu rubuta abin da dattawa suka sani tun suna raye. Allah Ya zaunar da Jos lafiya. Wassalam.