2.3 Taƙaitaccen Tarihin Littattafan Soyayya a Matsayin Karatun Hutu

A wannan sashe za a waiwayi yadda zaɓen littafin karantawa ya fita daga hannun hukuma da malaman makaranta, ya koma hannun mai karatu, musamman ɗalibai da suka dawo gida hutu. Wannan sauyi shi ne ya buɗe wa littattafan soyayya kasuwa a ƙasar Hausa.

Ƙagaggun labaran Hausa na farko cikin boko sun samu ne ta dalilin gasar da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a shekarar 1933, ƙarƙashin jagorancin Rupert East. Ita ce ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Hukumar NORLA da kamfanin NNPC, wanda aka kafa a 1966, sun ɗora a kan wannan tafarki. Da yawa daga cikin littattafansu sun shiga manhajar makarantu, wato malami ne ke zaɓa, ɗalibi kuma ya karanta domin jarrabawa. Saboda haka idan hutu ya zo, waɗanda suka iya Turanci sukan koma ga littattafan Mills & Boon da na Pacesetters domin nishaɗi.

Alamar sauyi ta fara bayyana a shekarar 1980, lokacin da NNPC ya buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, waɗanda jigonsu soyayya ce. Bayan haka abubuwa biyu suka haɗu. Na farko, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya yawaita samari da 'yan mata masu karanta boko. Na biyu, matsin tattalin arziki da ya tsananta da shirin SAP na 1986 ya raunana manyan kamfanonin ɗab'i. Sai marubuta suka shiga buga littattafansu da kansu a ƙananan maɗaba'u, musamman a Kano, suna kai wa 'yan kasuwa. Ta haka aka sami Budurwar Zuciya (1987) na Balaraba Ramat Yakubu, da In Da So Da Ƙauna (1991) na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Allura Cikin Ruwa (1994) na Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa.

A wannan zamani, mai neman abin karantawa a hutu yakan duba abubuwa kamar huɗu. Akwai sunan marubuci, domin wanda ya taɓa gamsar da mai karatu shi ake sake nema. Akwai suna da hoton bango. Akwai shawarar ƙawa ko aboki, tunda littafi guda yakan zaga gidaje da dama ta hanyar aro. Sannan akwai cikar labari, domin akasari ana fitar da shi kashi-kashi ne, na ɗaya da na biyu har na uku, kuma mai ɗan gajeren hutu ba ya son ya koma makarantar kwana bai ga ƙarshen masoyan ba. Wanda ba shi da kuɗin saye kuwa sai ya nufi shagon hayar littattafai.

Sai dai abin da aka ɗauka karatun rage lokaci ne ya zo ɗauke da manyan batutuwa, irin su auren dole da kishi da ilimin 'ya'ya mata. Wannan ya jawo muhawara mai zafi a jaridu cikin shekarun 1990. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da na kasuwar Onitsha, yayin da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka kare su. Iyaye da malamai da dama kuma sun zarge su da ɓata tarbiyya, har ta kai a shekarar 2007 gwamnatin Jihar Kano ta ƙona wasu da aka ƙwace daga hannun ɗalibai mata.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa ɗalibar da ta tsaya gaban mai sayar da littattafai tana zaɓen na hutu, tana cikin waɗanda suka tsara alƙiblar wannan adabi, domin abin da ta saya shi marubuci ke sake rubutawa. Sashe na gaba zai nazarci jigogin waɗannan littattafai ɗaya bayan ɗaya.