Daga Rijiyar Yusufu zuwa Rauta: Shaihu Umar da Tarihin da Ya Haife Shi

Duk sa'ad da na bi ta gaban tsohon ginin Kwalejin Katsina, wanda yau ya zama gidan adana kayan tarihi, nakan tuna cewa a cikin waɗannan ɗakunan ƙasa wani saurayi ɗan Bauchi ya yi karatu daga 1928 zuwa 1933. Shi ne Abubakar Tafawa Ɓalewa. A shekarar da ya gama ne Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya kira gasar ƙagaggun labarai da Hausa, wadda ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, ta kuma haifi Shaihu Umar, da aka buga a 1934.

A jami'a an karantar da mu Robinson Crusoe na Daniel Defoe, na 1719, a matsayin uban labaran tsira da rai. An nuna mana yadda Defoe ya jingina labarinsa da ƙissar Annabi Yunusa da ta ɗan nan mai almubazzaranci na cikin Linjila: yaro ya ƙi jin maganar mahaifinsa, teku ta hukunta shi, ya shekara 28 a tsibiri yana tuba. Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne, jirgin da ya nutse da shi bayi ya fita saye a gaɓar Afirka. Crusoe ya yi nadamar saɓa wa uba, amma bai taɓa nadamar wannan fatauci ba.

Labarin tsira namu ta ɗaya gefen igiyar ya zo, daga bakin wanda aka ɗaure. Kuma ƙissar da ke ƙarƙashinsa, a ganina, ta Annabi Yusufu ce. Hassada ce mafarin masifa a duka biyun: can 'yan'uwa, nan fadawan da suka yi wa Makau, mijin mahaifiyar Umar, ƙulle-ƙulle har sarki ya kore shi. An sace Umar yana ƙarami, ya bi ta hannun masu cinikin mutane a Kano, ya ƙare a ƙasar Masar wajen Balarabe Abdulkarim, wanda ya riƙe shi riƙon ɗa, ya ba shi ilimi har ya zama babban malami. Ko dabbar daji ba a bari a baya ba. A Suratu Yusuf ƙazafi aka yi wa kyarkeci, bai ci kowa ba. A nan kuwa kura ta ci, sai dai ɓarawon yaron ta ci. Ban san ko da gangan marubucin ya juya abin haka ba, amma ɗan Hausa da ya yi karatun allo ba ya bukatar a nuna masa Yusufu da yatsa.

Inda labaran biyu suka rabu, nan ne zuciyar littafin. Annabi Yaƙubu ya yi kuka har ganinsa ya tafi, amma ya zauna a gida, ƙarshe kuma aka mayar masa da ɗa da gani. Mahaifiyar Umar ba ta zauna ba. Ta fita cigiyar ɗanta, aka yaudare ta, aka sayar da ita, aka ƙetara Sahara da ita. Da Allah ya haɗa fuskokinsu bayan shekaru, wahala ta riga ta cinye ta, ba ta daɗe ba ta rasu. Masu cewa littafin wa'azin haƙuri ne kawai, har ma yana lallashin bauta tunda bawan ya zama shehi, na ga kamar Umar kaɗai suka karanta. Hanyar da ta kai ɗan ga ilimi ita ce ta kai uwar kabari, kuma marubucin bai ɓoye ko ɗaya ba.

Wannan ba tatsuniya ba ce ga masu karatu na 1934. Dokar Lugga ta 1901 ta hana farautar bayi, ta kuma 'yanta 'ya'yan da aka haifa bayanta, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, shekara biyu bayan fitowar littafin. Katsina ma na da nata kaso: ƙarni da ƙarni ayarori na tashi daga nan su bi ta Agadas zuwa Murzuk da Tarabulus, kuma ba fatu da tufafi kaɗai suke ɗauke da su ba. Ke nan a cikin waɗanda aka karanta wa labarin a zaure, da wuya a rasa tsohuwar da aka raba da nata Umar.

Crusoe ya koma Ingila da dukiyar gonarsa ta Birazil. Umar ya tsira daga guguwar rairayin da ta binne ayarinsu, ya sauka a Rauta, kusa da Bauchi, ba uwa ba dukiya, sai almajirai da ke tambayarsa asalinsa. Marubucinsa kuwa ya zama Firayim Ministan Nijeriya, aka kashe shi a Janairun 1966, shekara guda kafin Mervyn Hiskett ya fitar da fassarar littafin da Ingilishi.