Magadan Annabi Ibrahim a Kan Hanyar Lugbe

Babbar hanyar da ta taso daga ƙofar birnin Abuja ta nufi filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe, wadda aka raɗa wa sunan marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ita ce ta ratsa Lugbe ta raba ta gida biyu. Asalin wurin ƙasar Gbagyi ce, amma tun da Hukumar Gidaje ta Tarayya ta kafa rukunin gidajenta a can, tsadar haya kuma ta riƙa koro ƙananan ma'aikata daga tsakiyar birni, sai unguwar ta cika da mutanen kowace kusurwa ta Nijeriya. Ta wannan hanya maniyyatan Abuja suke bi idan za su hau jirgin Hajji. Ta ita kuma Kiristoci masu ziyara suke bi zuwa Urushalima, birnin da Musulmi ke kira Ƙudus. Kowane ayari gwamnatin tarayya ta kafa masa hukumarsa, ta alhazai a 2006, ta masu ziyarar Kirista a 2007. A gefen hanyar ne cocin Dunamis ta buɗe katafaren ɗakin ibadarta, Glory Dome, a watan Nuwamban 2018, wanda masu shi suka ce yana cin mutum 100,000. Akwai kuma jama'a ta uku a Abuja da ba a cika lura da ita ba: 'yan Nijeriya, yawancinsu Ibo, masu bin addinin Yahudanci, da ke da ƙananan majami'u a Jikwoyi da Kubwa, suna kiyaye ranar Asabar, suna addu'a da Ibrananci.

Duk sa'ad da aka tara malamai da fastoci domin sasanta jama'a, maganar da aka fi ji ita ce dukkanmu 'ya'yan Annabi Ibrahim ne. Da wannan suna aka sa hannu a yarjejeniyar Isra'ila da wasu ƙasashen Larabawa a 2020, da shi kuma aka buɗe masallaci da coci da majami'ar Yahudawa a fili ɗaya a Abu Dabi a 2023. Maganar gaskiya ce, amma ba ta isa ta ɗauki nauyin da ake ɗora mata ba. Abin da wannan maƙala ke son kafawa shi ne, a kan Annabi Ibrahim ɗin ne addinan uku suka fi saɓawa, kuma maƙwabtaka irin ta Lugbe ta fi buƙatar a san saɓanin filla-filla fiye da a lulluɓe shi. Bahaushe ya san 'yan ubanci. Isma'ila da Is'haƙa 'yan uba ne, ɗaya ɗan Hajara, ɗaya ɗan Saratu, kuma ba a taɓa kashe rigimar gado da tuna wa magada cewa ubansu ɗaya ba, don shi ne dalilin rigimar tun farko.

A wurin Bayahude, Ibrahim kaka ne na jini kuma mai riƙe da alkawari. Attaura ta kawo labarin fitowarsa daga Ur ta ƙasar Iraƙi ta yau, da alkawarin da Allah ya yi masa na zuriya da ƙasa, da kaciyar da ake yi wa ɗa namiji a rana ta takwas a matsayin shaida. Alkawarin ya bi ta Is'haƙa, ya bi ta Yaƙuba, ya kai ga Musa da shari'ar da aka ba shi a Dutsen Sina. Sai dai Yahudancin da ake yi yau bala'i biyu ne suka ƙera shi. Na farko shi ne rushe Haikalin Urushalima da Babila ta yi wajen shekara ta 586 kafin Miladiyya, aka kwashe manyan gari zuwa bauta. Na biyu shi ne rushe Haikali na biyu da Rumawa suka yi a shekara ta 70. Da aka rasa wurin yanka hadaya, sai malamai suka gaji firistoci, karatu da addu'a suka gaji bagade. Aka tattara koyarwar malaman a littafin Mishna wajen shekara ta 200, Talmud ya biyo baya. Don haka Bayahude ba ya ɗaukar kansa mai kiran duniya zuwa addininsa. Yana ganin kansa ɗan al'ummar da aka ɗora wa wasu dokoki na musamman, kuma har yanzu yana jiran Almasihu.

Kiristanci daga cikin Yahudanci ya tsiro. Yesu da almajiransa Yahudawa ne, a majami'a suke ibada, kuma tambayar da ta fara raba kansu bayan tafiyarsa ita ce ko dole wanda ba Bayahude ba ya yi kaciya ya bi shari'ar Musa kafin a karɓe shi. Bulus, a wasiƙunsa ga Romawa da Galatiyawa, da Ibrahim ya kafa hujja: an lissafta shi mai adalci saboda bangaskiyarsa tun kafin a yi masa kaciya, tun ma ba a haifi Musa ba, saboda haka ɗan Ibrahim na gaske shi ne mai bangaskiya, ko daga wace kabila ya fito. Da wannan hujja gadon ya tashi daga jini ya koma imani da Almasihu, wanda Kirista ya gaskata cewa an gicciye shi, ya mutu domin zunubin mutane, ya kuma tashi. Taron Nikiya na shekara ta 325 ya tsayar da cewa Ɗan da Uban zati ɗaya ne. A ƙarnin nan ne kuma Sarki Ezana na Aksum, wato ƙasar Habasha da sahabban Manzon Allah (SAW) suka yi hijira zuwa gare ta wajen 615, ya karɓi addinin.

Alƙur'ani ya shiga wannan muhawara kai tsaye. A Suratu Ali Imrana ya kore wa Ibrahim zama Bayahude ko Banasare, da hujjar cewa Attaura da Linjila bayansa aka saukar da su, ya tabbatar masa da tsantsar tauhidi da miƙa wuya. Shi da Isma'ila suka ɗaga harsashin Ka'aba, kuma alhajin da ya bi ta Lugbe zai yi salla bayan Maƙamu Ibrahim, ya yi sa'ayi tsakanin Safa da Marwa inda Hajara ta nemi ruwa. Musulmi ya yarda da annabcin Isa da haihuwarsa ba uba, ya ƙi allantakarsa da gicciye shi. Kowane ɗaya daga cikin ukun, ke nan, ya kawo Ibrahim ne don ya nuna shi ne magajin gaskiya.

Ko a kan ɗan da aka umarci a yanka ba a haɗu ba. Attaura ta ambaci Is'haƙa da suna, Yahudawa suna karanta ƙissar a bikin sabuwar shekararsu, Kiristoci kuma suna ganin ta ishara ce ga gicciye. Suratus Saffat ba ta faɗi sunan yaron ba. Imam Ɗabari, wanda ya rasu a 923, ya rinjayar da cewa Is'haƙa ne, Ibn Kasir ya rinjayar da Isma'ila, kuma a kan ra'ayin nan na biyu jama'ar Musulmi suka tsaya. Yawancin masu sayen ragon layya ba su taɓa jin cewa manyan malaman tafsiri sun yi wannan saɓani ba, alhali saninsa ba ya rage wa layya komai. Wanda kuma ke zaton kaka ɗaya ya isa kawo zaman lafiya, ya dubi garin Khalil, inda kabarin Ibrahim yake. A 1994 wani Bayahude ɗan kama-wuri-zauna, Baruch Goldstein, ya harbe masallata 29 a cikin masallacin da ke wurin kabarin, aka raba ginin biyu, kowane ɓangare da ƙofarsa da masu gadinsa.

Ƙasar Hausa tana da nata tarihin wannan haɗuwa, kuma ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. Shehu Muhammad bn Abdulkarim al-Maghili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa littafin dokokin mulki, daga Tuwat ya taso, inda fatawarsa ta kai ga rushe majami'ar Yahudawan Tamantit wajen 1492, shekarar da aka kori Yahudawa daga Andalus. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne alƙalin Tuwat ɗin, Abdullahi al-Asnuni, ya ƙi amincewa da rushewar, shi ma da hujjojin mazhabar Malikiyya, kuma al-Wansharisi ya adana fatawoyin ɓangarorin biyu a cikin al-Mi'iyar. Masanin tarihi John Hunwick ya yi littafi guda a kan wannan lamari a 2006. Girman Maghili a tarihin Kano ba abin musu ba ne, amma adalcin ilimi ya wajabta a karantar da ɗalibi matsayin al-Asnuni tare da nasa. A ganina alƙalin ne ya fi kusa da ruhin yarjejeniyar da Manzon Allah (SAW) ya ƙulla da Yahudawan Madina.

Labarin Isawa ya fi wannan kusa da mu. A tsakiyar ƙarni na 19 wani malami a Kano, Malam Ibrahim, ya zurfafa a ayoyin da suka yi magana a kan Annabi Isa da ruwayoyin dawowarsa, har ya ɗaukaka matsayinsa fiye da yadda malaman gari za su lamunta. Ba mishan ko ɗaya a ƙasar Hausa a lokacin, daga allo da littattafan zaure ya ɗauko fahimtarsa. An kashe shi a kasuwar Kurmi wajen 1867, zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse zuwa wajen Ningi da ƙauyukan ƙasar Zazzau. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka je wurin ɗan mishan Dakta Walter Miller a Zariya, aka kafa musu zango a Gimi, ciwon barci ya tarwatsa shi, waɗanda suka tsira suka haɗu da jama'ar da ta koma Wusasa wajen 1929. Bayan shekara uku, a 1932, aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Wannan tarihi yana rushe zato biyu a lokaci guda: zaton Musulmin da ke ganin kowane Bahaushe Kirista saye aka yi shi da makaranta da asibiti, da zaton Kiristan da ke ganin Musulmi bai san komai game da Yesu ba.

Magabatanmu sun ɗauki sanin aƙidar wani a matsayin fanni na ilimi. Ibn Hazm na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1064, ya karanta Attaura da Linjila kafin ya yi musu raddi mai zafi. Shahrastani, wanda ya rasu a 1153, ya ɗaukar wa kansa sharaɗin kawo maganar kowace ƙungiya yadda take a littattafanta. Mu kuwa a 2017 ƙasar nan ta yi ta ce-ce-ku-ce a kan manhajar da ta cusa darasin addinin Musulunci da na Kirista ƙarƙashin inuwa ɗaya, har gwamnati ta ba da umarnin a raba su. Rabawar daidai ce, domin ba wanda ya isa ya koya wa ɗan wani ibadar da ba tasa ba. Amma an bar giɓi. Yaro a Lugbe yakan gama sakandare bai san me abokin zamansa a benci yake nufi da Triniti ba, ko me ya sa Musulmi ke ganin ta saɓa wa tauhidi, sai abin da ya tsinta daga lasifikar mai wa'azi ko bidiyon WhatsApp. Yahudanci kuwa ba ya saninsa sai ta labaran Gaza, har ya kasa bambance addini mai shekaru dubbai da gwamnatin da aka kafa a 1948.

Za a ce wannan ilimi yana iya girgiza imanin yaro. Fargabar iyaye ce ta gaskiya, ban raina ta ba. Sai dai yaron ya riga ya ji maganganun, ya ji su ne gurguje daga bakin masu gaba. Abin da nake nema ɗan kaɗan ne: darasin tarihi a manyan azuzuwan sakandare, ba na ibada ba, wanda malamin Musulunci da na Kirista za su duba tare, kowa ya tabbatar an faɗi aƙidarsa yadda shi zai faɗe ta. Majalisar addinai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1999 kuma Sarkin Musulmi da shugaban ƙungiyar Kiristocin Nijeriya ke jagoranta tare, ita ce ta fi cancanta ta rubuta wannan manhaja, ta kuma gayyato wakilin ƙananan majami'un Jikwoyi da Kubwa ya duba babin da ya shafe su.