Ruwan Allo da Ruwan Kwano

Ɗan ƙanwata ne ya tayar mini da wannan magana. Ya zo hutu Fadan Kagoma, ya iske ni ina tattara tsofaffin injinan shagon gem ɗin da na rufe a Kafanchan, sai ya ce, "Kawu, a zamaninku ma akwai guguwa a cikin gem?" Da na tambaye shi wace guguwa, ya nuna mini da'irar nan da ke matse 'yan wasa a Fortnite, da 'yan'uwanta na PUBG da Free Fire. Raina ya sosu. Wannan ai agogo ne aka shafa wa fenti. Aikinta ta tilasta wa mutum hamsin ko ɗari su haɗu a wuri guda kafin wasa ya yi tsawo. Muddin kana cikin da'irar ba ta hana ka gani, ba ta hana ka ji, kuma ga ƙidayar lokacinta a kusurwar allo kowa yana kallo.

Ni a hannun wani bawan Allah na koyi sana'ar, a wani ɗaki mai rufin kwano ba silin, can wajen tashar jirgin ƙasa. Oga muke ce masa, yara da manya. Lokacin PlayStation 2 ne, ƙwallo ke kawo kuɗi, amma shi zuciyarsa tana wajen wasan yaƙi, kuma ya ware masa talabijin mafi girma a shagon. Da PlayStation 3 tokumbo ta iso mana tare da Call of Duty 4, wanda ya fito a 2007, sai wannan kusurwa ta zama majalisa.

Abin da yaran yanzu ba su taɓa gani ba shi ne kwali. Mutum huɗu ne a kan allo ɗaya da aka raba gida huɗu, saboda haka ko wane ɓarawon ido yana iya leƙa inda abokin gabarsa ya ɓuya. Oga ya yanko kwalin firji, ya manna shi da salatif a tsakiyar gilashin, a kwance, ya fito waje kamar kamu biyu, ya ɗaure bakinsa da zare zuwa ƙusar da ke jikin katakon rufi. Biyu su zauna a tabarma su kalli ƙasa, biyu su hau dogon benci su kalli sama. Wanda aka kama ya karkata wuya, an cire shi a layi ranar. Kwalin nan duk bayan 'yan makonni sai an sake shi, don danshin damina yana sa shi lanƙwashewa, kuma ni ne mai yawon nema a shagunan masu kayan lantarki.

Da kwali ya rufe ido, sai kunne ya zama makami. A nan ne ruwa ya shigo. A cikin Call of Duty 4 akwai filin da ake kira Downpour, wata gona ce da ake tafka ruwa a cikinta. Duk wanda ya san aikin ya san ruwan nan ado ne: ɗigo ne ake zanawa a gaban idon ɗan wasa, ba ya karkatar da harsashi, ba ya jiƙa ƙasa ta yi santsi. Duhunsa da shurunsa kaɗai ke da tasiri. To Oga ya ƙirƙiro wata al'ada. Duk ranar da hadari ya taso daga wajen duwatsun Kagoro, ɗigon farko ya buga kwano, sai ya ce, "Ku canza fili." Ko ana tsakiyar wasa a wani wuri, Downpour za a koma. Ruwan Kafanchan a watan Agusta idan ya sauka a kan kwano, ko na kusa da kai sai ka ɗaga murya yake jin ka. Takun ƙafa ya ɓace, ƙarar sauya harsashi ta ɓace, gurneti sai ka gan shi a gabanka. Gwanayen da suka saba cin mutane da kunne sai su koma daidai da kowa, kuma a irin wannan rana ce wani yaro mai tallar rake, wanda da ƙyar yake haɗa kuɗin zagaye ɗaya, ya kayar da ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya biyu a jere. An yi mako ana zancen.

Akwai doka ta biyu, kuma ba a ja da ita. Idan walƙiya ta yi, tsawa ta biyo baya nan take, Oga ba ya jiran kowa ya gama. Zare filogi yake yi daga bango, ya kashe janareta, a zauna. Wanda ke kan gaba ya yi ta ƙorafi, a rubuta masa sakamakonsa da alli a ƙofa. Wani maƙwabcinmu da ya ƙi bin irin wannan ya yi asarar injina da talabijin a dare ɗaya. Har na rufe nawa shagon ban bar wannan doka ba.

Bai kamata in tsallake Far Cry 2 ba. A 2008 ya fito, an gina shi a kan dajin Afirka, kuma shi ne wasan farko da na ga iska tana aiki da gaske: ka cinna wa busasshiyar ciyawa wuta, ta bi inda iska ta nufa, wani lokaci ta juyo kanka. Yaranmu da suka tashi suna ganin ƙunar daji da rani ba su buƙaci bayani ba. Suna duba inda ciyawa ta kwanta kafin su jefa kwalbar wuta.

Babban sauyi ya zo ne da Battlefield 4 a 2013, daga kamfanin DICE na Stockholm. A filin Paracel Storm ana fara wasa teku kwance, sannu a hankali sama ta yi baƙi, igiyar ruwa ta kumbura, har wani jirgin yaƙi ya ƙwace ya daki tsibiri. Abin da ya burge mu, mu masu sana'a, shi ne an daidaita igiyar ruwan ta intanet, yadda wadda ta ɓoye kwale-kwalena a allona ita ce ta ɓoye shi a allon wanda ke nema na daga wata ƙasa. Idan ba haka ba, ɗaya yana harbi a sarari, ɗaya yana lalube, adalci ya tafi. Matsalar da Oga ya warware da rufin kwano ɗaya a kan kowa, ita suka warware da lissafi. Mu dai a wahalce muka ɗanɗana shi. Intanet ɗinmu na lokacin idan hadarin gaske ya taso shi ma tafiya yake yi, ga jinkirin da ke sa ka mutu kafin ka ga wanda ya harbe ka. Yawanci mutum ɗaya ke bugawa, goma na tsaye a bayansa.

Battlefield 1 na 2016 ya fi kowanne fahimtar abin a ganina. Hazo ko guguwar rairayi a filin hamadar Sinai kan sauko ba sanarwa, mai harbi daga nesa ya rasa abin yi, matuƙin jirgi ya daina ganin ƙasa, dole kowa ya sauya dabara ko ya sauya bindiga. Wanda ya taɓa tuƙi daga Kwoi zuwa Kafanchan da asuba cikin hazon hunturu ya san wannan yanayin.

Inda nake jin haushin 'yan baya shi ne ba sa son a takura musu ko kaɗan. PUBG ya fara da ruwa da hazo a 2017, 'yan wasa suka riƙa ficewa da zarar sun ga hazo, aka janye su, sai a 2018 aka dawo da yanayi mai sauyawa. Yau yaro zai zauna da waya, abu na farko da zai yi shi ne ya rage ingancin hoto don inuwa da ƙura su ragu, ya toshe kunnuwa biyu, bai san wa ke zaune kusa da shi ba. Su kuma masu ƙera wasa suka tafi ɗaya gefen. Battlefield 2042 na 2021 ya kawo guguwa mai ɗaga mota sama da ƙurar da ke rufe birnin Doha, mutum 128 a fili ɗaya. Ranar farko abin kallo ne. Bayan mako ɗaya kowa ya koyi kauce mata ya ci gaba da harkarsa.

Har yanzu ban ga wasan da ya kama hadarin bazara irin namu ba, mai zuwa daki-daki: zafi ya tsananta, iska ta tsaya cak, gabas ta yi baƙi, sannan iska mai sanyi ta taso da ƙura da ledoji, kafin ruwan ya sauko. Tsakanin alamar farko da ɗigon farko akwai 'yan mintoci da mai lura zai iya amfani da su, ya sauya wuri, ya matso kusa, ya ajiye bindigar nesa. Oga yana karanta waɗannan mintoci daga bakin ƙofa, shi ya sa kafin ɗigon farko ya riga ya aike ni in rufe janareta da buhu, in kuma jawo tabarma daga inda kwano ke yoyo. Da wayoyi suka kwashe mana yara ya sayar da injinan, ya koma gida noman citta, ni kuma na ja shagona har bara.