Yadda Ake Tsara Amintacciyar Mahaɗa Ga Direbobin Hoto Na Kwamfuta Da Waya

Duk abin da ya bayyana a fuskar waya ko kwamfuta, tun daga rubutun saƙo har zuwa bidiyo da wasanni, yana bi ne ta wata na'ura ta musamman da ake kira GPU, wato na'urar sarrafa hoto. Tsakanin wannan na'ura da manhajojin da mutum yake buɗewa akwai wata manhaja da masana ke kira direba. Ita ce ke karɓar buƙatun manhajoji, ta tsara su, sannan ta miƙa wa na'urar. Hanyoyi da ƙa'idojin da ake bi wajen yin magana da direban su ne ake nufi da mahaɗa. Mahaɗa amintacciya kuwa ita ce wadda aka gina ta yadda mai amfani da ita ba zai iya yin ɓarna ba, ko da kuskure ko da gangan.

Inda direba yake zaune

Kowace babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, kamar Linux ko Windows, tana da wani sashe na ciki da za a iya kira cibiya. Cibiya ce ke da iko a kan komai: ita ke raba ma'adanar aiki, wato wurin da na'ura ke ajiye bayanan da take amfani da su a lokacin, ita ce kuma ke hana wata manhaja leƙa bayanan wata. Idan manhaja ta yau da kullum ta yi kuskure, ita kaɗai ke mutuwa. Idan kuskuren ya auku a cikin cibiya, na'urar gaba ɗaya kan tsaya cak, ko kuma mai kutse ya samu ikon da ya fi na mai na'urar.

A Linux, direban hoto ya kasu kashi biyu. Kashi na farko yana waje da cibiya, galibi a cikin tarin manhajojin da ake kira Mesa, kuma shi ne ke juya umarnin zane na OpenGL ko Vulkan zuwa harshen da na'urar ke fahimta. Kashi na biyu yana cikin cibiya, a sashen da ake kira DRM, inda ake raba ma'adana, a jera ayyuka, a kuma kula da fuskar allo. Waɗannan direbobi manya ne ƙwarai. Na kamfanin AMD kaɗai ya kai miliyoyin layukan rubutu, ko da yake akasarinsu jerin bayanan na'ura ne da inji ke fitarwa.

Darasin Windows Vista

Kamfanin Microsoft ya daɗe da fuskantar wannan matsala. A Windows Vista, wadda ta isa hannun jama'a a watan Janairun 2007, kamfanin ya fito da sabon tsarin direbobi mai suna WDDM. Tsarin ya fitar da babban ɓangare na aikin direba daga cikin cibiya, ya kuma ƙara wani mai gadi: idan na'urar hoto ta yi daƙiƙa biyu ba ta amsa ba, Windows za ta sake tayar da ita maimakon kwamfutar ta durƙushe. Sauyin bai zo da sauƙi ba. Takardun da suka fito a wata shari'a a Amurka cikin 2008 sun nuna cewa kusan kashi 29 cikin ɗari na durƙushewar Vista da aka ƙididdige a 2007 direbobin Nvidia ne suka jawo su. Tun daga lokacin, rage abin da ke cikin cibiya da kuma tanadin hanyar farfaɗowa sun zama ginshiƙai a wannan fanni.

Dalilin da masu kutse ke harin direban hoto

A wayoyin Android, waɗanda aka gina su a kan cibiyar Linux, kowace manhaja tana iya magana da direban hoto ba tare da neman izini na musamman ba, domin kowace tana buƙatar yin zane. Wannan ya sa direban ya zama ƙofa mafi kusa ga mai son kutsawa cikin cibiya. A watan Nuwamban 2022, ƙungiyar masu binciken tsaro ta Google, Project Zero, ta bayyana cewa wasu kurakurai biyar da ta gano a direban na'urar Mali ta kamfanin Arm ba a toshe su a wayoyin jama'a ba, watanni bayan Arm ya fitar da gyara. A watan Oktoban 2023 kuma Arm ya sanar da cewa akwai alamun ana amfani da wani kuskure na direban Mali wajen kai hari a kan wasu zaɓaɓɓun mutane. Kuskuren shi ne taɓa gurbin ma'adana bayan an riga an sake shi.

Batun ya shafi Najeriya kai tsaye, domin da yawa daga cikin wayoyin Tecno, Infinix da itel da ake sayarwa a kasuwanni irin su Computer Village ta Ikeja da Farm Centre ta Kano suna ɗauke da injinan MediaTek ko Unisoc, waɗanda na'urar Mali ta yawaita a cikinsu. Irin wannan kuskure ba baƙo ba ne a ko'ina. A 2019 Microsoft ya ce kusan kashi 70 cikin ɗari na matsalolin tsaron da yake toshewa a kowace shekara na kula da ma'adana ne.

Iyaka ta farko: tsakanin manhaja da cibiya

Mahaɗa ta farko ita ce wadda manhajoji ke bi su isa ga direba, kuma a Linux ana yin haka ne galibi ta wani kira mai suna ioctl. Ƙa'idar farko a nan ita ce kada a amince da komai da ya fito daga waje. Dole direba ya bincika kowace lamba: girman gurbin da aka nema, adireshin da aka bayar, da kuma ko lissafin zai zarce iyakar da lambar ke iya ɗauka. Dole kuma ya kwafi bayanan zuwa cikin cibiya sau ɗaya, ya yi bincikensa a kan kwafin. Idan ya karanta sau biyu, mai mugun nufi zai iya sauya bayanan tsakanin lokacin bincike da lokacin amfani.

Masu kula da Linux sun tattara wasu darussa daga kurakuran baya. Ana amfani da lambobi masu tsayayyen girma domin tsarin ya yi daidai a na'urori masu bit 32 da masu bit 64. Duk wani fili da aka bari fanko don amfanin gaba, dole a tabbatar sifili ne a cikinsa, a ƙi karɓar buƙatar idan ba haka ba, domin in an kawar da kai yau, gobe ba za a iya ba filin wata ma'ana ba. Dalilin wannan tsantseni shi ne sananniyar dokar Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux a 1991, cewa ba a sauya cibiya ta yadda manhajar da ke aiki jiya za ta daina aiki yau. Mahaɗar da aka fitar da ita da aibi, haka za a ci gaba da ɗaukar nauyinta shekara da shekaru. Shi ya sa sashen DRM ba ya karɓar sabuwar mahaɗa sai an kawo buɗaɗɗiyar manhaja ta gaske da ke amfani da ita, wadda kowa zai iya dubawa.

Akwai kuma kariya daga ita na'urar kanta. Na'urar hoto tana iya karatu da rubutu a ma'adana ba tare da bi ta babban injin kwamfuta ba. Saboda haka direbobin zamani kan ba kowace manhaja taswirar ma'adana tata daban, ta yadda umarnin da wata ta aika ba zai kai ga gurbin wata ba.

Iyaka ta biyu: a cikin cibiyar kanta

Mahaɗa ta biyu ita ce wadda marubucin direba yake amfani da ita wajen neman hidimar sauran sassan cibiya. An rubuta Linux da harshen C, wanda Dennis Ritchie ya samar a farkon shekarun 1970. A wannan harshe, ƙa'idoji irin su wa ke da alhakin sakin gurbi, da yaushe, da wane makulli za a riƙe kafin a taɓa wani bayani, suna zaune ne a cikin bayanan gefe ko a kan ƙwararru. Manhajar da ke fassara rubutu zuwa harshen inji ba ta san da su ba, don haka ba ta kama wanda ya karya su.

Aikin hoto ya fi tsananta wannan. Na'urar tana aiki ne a nata lokacin: direba ya miƙa mata aiki ya ci gaba da wasu harkoki, ita kuma ta kammala daga baya. A wannan tsakani mai waya zai iya rufe manhajar, amma ba za a saki gurabenta ba sai na'urar ta gama da su. Ana bin sawun wannan da wata alamar kammalawa da Linux ke kira dma-fence, wadda dole ta ɗaga cikin iyakantaccen lokaci. Idan sashen da zai ɗaga alamar ya tsaya neman ma'adana, alhali mai kwato ma'adana yana jiran wannan alamar, sai su yi cirko-cirko, na'urar ta daskare.

A nan ne harshen Rust ya shigo. An rene shi a Mozilla, ya fito a cikakken siffarsa ta farko a 2015, aka kuma shigar da tushensa cikin Linux 6.1 a watan Disamban 2022. A Rust, kowane bayani yana da mamallaki ɗaya, kuma mai fassara yana ƙin duk rubutun da zai yi amfani da abu bayan ƙarewar wa'adinsa. Mai tsara mahaɗa yana amfani da wannan ya mayar da ƙa'ida ta zama siffar ginin. Ana sanya bayani a cikin makullinsa, ta yadda babu hanyar taɓa shi sai an buɗe. Ƙidayar masu riƙe da gurbi tana hawa da sauka da kanta. Adireshin da ya fito daga manhajar waje yana da nau'insa daban, ba a karanta shi sai ta hanyar kwafi. Idan aka cire na'ura ana cikin aiki, ana janye izinin taɓa ta, kuma mahaɗar tana tilasta wa direba ya duba kafin ya taɓa.

Tun da dole a yi magana da tsohon rubutun C da kuma na'ura, akwai wuraren da mai fassara ba zai iya tabbatar da komai ba. Ana yi musu alama da kalmar "unsafe", a rubuta hujjar amincinsu a gefe, a kuma killace su a ƙananan sassa da ƙwararru za su duba. Ma'aunin nasara shi ne: babu wata hanya, komai karkacewarta, da mai amfani da mahaɗar zai bi ya lalata ma'adana.

Misalin na'urorin Apple

Gwaji na farko mai girma ya zo ne daga Asahi Linux, shirin masu aikin sa kai na ɗora Linux a kan kwamfutocin Apple masu injin M1 da magadansa. Na'urar hoton Apple tana da tata manhaja ta ciki, wadda direba ke magana da ita ta wasu sarƙaƙƙun tsare-tsaren bayanai a ma'adanar da suke tarayya. Kuskure ɗaya kan kashe wannan manhaja ta ciki, kuma ba a farfaɗo da ita sai an sake kunna kwamfutar. An rubuta direban cibiyar da Rust, aka sake shi ga masu gwaji a watan Disamban 2022, sannan a 2023 aka gabatar da mahaɗar Rust ta sashen DRM don dubawa.

Wannan aiki ya tono wata matsala a sashen Linux mai jera ayyukan hoto. Yawancin direbobi kan kafa mai jerawa sau ɗaya, ya rayu muddin na'urar na aiki. Direban Apple kuwa yana kafa ɗaya ga kowane layin aiki, ya rushe shi idan manhaja ta rufe. Sai tambaya ta taso: me zai faru idan aka rushe shi alhali akwai aikin da bai kammala ba? Masu kula da sashen sun ga cewa alhakin direba ne ya guje wa hakan, masu rubutun Rust kuma suka ce ƙa'idar da ba a fayyace ba, ba za a iya gina amintacciyar mahaɗa a kanta ba. Muhawarar ta yi zafi, ta kuma nuna cewa wahalar aikin tana wajen fito da ƙa'idojin da aka daɗe ana riƙe da su a ka.

Iyakar abin da ake samu

Amintacciyar mahaɗa ba ta kawar da kuskuren lissafi, ba ta gyara aibin da ke cikin manhajar na'ura da kamfani ya rufe, kuma kuskure a sashen da aka killace yana iya shafar duk direbobin da suka dogara da shi. Akwai kuma nauyin kula da harsuna biyu a cibiya ɗaya, wanda wasu tsofaffin masu kula da Linux suka nuna damuwa a kansa. Duk da haka, alƙaluman Google sun nuna cewa kason matsalolin ma'adana a cikin kurakuran tsaron Android ya sauka daga kashi 76 cikin ɗari a 2019 zuwa kashi 24 a 2024, bayan da aka koma rubuta sababbin sassa da harsuna masu kare ma'adana.

A fannin hoto, aikin yana ci gaba. Injiniyoyin Red Hat sun sanar da Nova a 2024, direban Rust na na'urorin Nvidia na zamani, kuma sashensa na farko ya shiga Linux 6.15 a 2025. Kamfanonin Collabora, Arm da Google kuma suna haɗin gwiwa a kan Tyr, direban Rust na sababbin na'urorin Mali. Kafin irin waɗannan su isa wayoyin da ke hannun jama'a, kariyar da mai waya yake da ita ita ce karɓar sabuntawar tsaro da zarar kamfani ya aiko, da kuma duba tsawon shekarun da kamfanin ya yi alkawarin aiko da ita kafin ya sayi wayar.